Muhawara: A Bar Iyaye Su Zaɓi Makaranta, ko a Matsa wa Ta Gwamnati Ta Gyaru?

Baban Sadik:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana cin raina, yau na ce bari in baje ta a nan, waɗanda suka fi ni sani su gyara min. Duk gwamnatin da ta hau sai ta ce za ta yi wa ilimi garambawul. A sauya manhaja, a yi wa azuzuwa fenti, a yi bikin ƙaddamarwa a ɗauki hoto. Wa'adi ya ƙare, yaron da ke aji huɗu har yanzu bai iya haɗa baƙi ba, kuma babu mutum ɗaya da ya rasa aikinsa a kan haka. A 2022 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin ɗari na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. Galibinsu fa suna zuwa makaranta kullum.

Ga abin da nake gani. Kuɗin da gwamnati ke kashewa a kan kowane yaro a ce nasa ne, duk makarantar da iyayensa suka kai shi kuɗin ya bi shi can, ta gwamnati ce ko mai zaman kanta. Wadda ke koyarwa ta cika, wadda ba ta koyarwa ta wayi gari ba kowa. Sannan a riƙa yi wa yara jarrabawa iri ɗaya, a wallafa sakamakon kowace makaranta kowa ya gani. Ba ni na ƙirƙiro ba, masanin tattalin arziki ɗan Amurka Milton Friedman ya kawo shawarar kuɗi ya bi yaro tun 1955. Mai kuɗi ai tuni yana da zaɓi. Talaka kaɗai ake ce wa ga makarantarka nan, ko ta koyar ko kada ta koyar. Me kuka gani?

Malamar Aji Uku:
Wa alaikumus salam Baban Sadik. Ni kullum ina cikin aji, bari in faɗa maka abin da wallafa sakamako ke haifarwa idan da shi za a yi wa makaranta hukunci. A wata makaranta da na taɓa koyarwa, da aka ce za a riƙa jera makarantu bisa yawan waɗanda suka ci jarrabawa, sai aka kasa mana yara kashi uku, ba a rubuce ba, amma kowa ya gane. Akwai waɗanda za su ci ko an koya musu ko ba a koya ba, aka ƙyale su. Akwai waɗanda ke dab da makin ci, su aka dawo da su layin gaba, su ake riƙewa bayan an tashi. Sai na uku, 'yan bencin baya, waɗanda aka fid da rai da su.

A cikin na ukun akwai wata yarinya shiru-shiru. Duk abin da aka rubuta a allo sai ta kwafe shi tsaf, ba gyara ko ɗaya, littafinta ya fi na kowa tsabta. Amma ka ɗora yatsa a kan kalma ɗaya cikin abin da ta kwafa ka ce ta karanta, sai ta sunkuyar da kai. Da jarrabawa ta matso aka aika wa mahaifiyarta cewa gara ta zauna a gida ta maimaita aji. A shekarar sakamakonmu ya tashi, har takardar yabo aka aiko mana.

Baban Sadik:
Allah Sarki. Amma Malama, wannan ai rashin tsoron Allah ne na shugaban makarantar, ba laifin jarrabawa ba ne. Don wani ya yi algus ba a fasa awo.

Ɗan Bincike:
Baban Sadik, da a makaranta ɗaya abin ya tsaya sai mu ce halin mutum ɗaya ne. Amurka ta gwada kusan abin da kake nema a ƙasa baki ɗaya. A watan Janairun 2002 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar da aka yi wa laƙabi da "kada a bar yaro ko ɗaya a baya". Ta wajabta jarraba yara a karatu da lissafi duk shekara daga aji uku zuwa aji takwas, ta kuma ce kafin 2014 kowane yaro ya zama ya ƙware, ɗari bisa ɗari. Makarantar da ke karɓar tallafin yaran talakawa, idan ta kasa kai mizani shekara biyu a jere, dole ta ba iyaye damar mayar da 'ya'yansu wata makarantar gwamnati. Idan abin ya kai shekara biyar ana iya sauya ma'aikatanta ko a damƙa ta ga wasu su gudanar.

Lissafin 'yan aji huɗu ya ɗan ɗaga, wannan ba a musu. Karatu bai motsa yadda aka so ba. Darussan da ba a jarrabawa a kansu, irin su tarihi da zane, aka rage musu lokaci. Wasu jihohin suka sassauta ma'aunin ƙwarewa don makarantunsu su tsira. Zuwa 2011 kusan rabin makarantun ƙasar sun shiga jerin waɗanda suka gaza, har kalmar ta daina ba kowa tsoro. A birnin Atlanta kuwa binciken gwamnatin jihar a 2011 ya ambaci malamai da shugabannin makarantu 178 a makarantu 44 da hannu a maguɗi, ana zama a goge amsoshin yara a gyara. A 2015 kotu ta samu 11 da laifi, a ƙarshen shekarar kuma Obama ya sa hannu a wata dokar da ta maye gurbin ta farko.

Abin da ya fi shafar maganarka shi ne zaɓin. Cikin yaran da suka cancanci sauya makaranta, kusan ɗaya cikin ɗari ne suka sauya. Wasu iyayen sai bayan an koma hutu takardar sanarwa ke isa gare su, wasu kuma makarantun da ke kusa da su ko dai sun cika ko su ma suna cikin jerin.

Tsohon Sufeto:
Salamu alaikum. Na karanta ku duka. Malama, abin da kika faɗa na san shi, amma ina tsoron kada a ɗauka cewa maganin shi ne a daina awo, a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Na yi aikin duba makarantu har na yi ritaya, kuma makarantar da ta fi ba ni tsoro ita ce wadda ba wanda ke tambayarta komai. Can ne za ka tarar da rajista cike da sa hannu, malamai kuma ba su kai rabi ba. Idan an san muna zuwa, a ranar kowa na nan, an share fili, an koya wa yara amsar da za su bayar cikin murya ɗaya. Ka ware yaro ɗaya ka miƙa masa littafi ya karanta shi kaɗai, a nan asiri ke tonuwa.

Ɗana Ɗan Bincike, ka faɗi aibin dokar Amurka, ka bar alherinta guda. Ita ce ta tilasta a riƙa fitar da sakamako kashi-kashi: na yaran talakawa daban, na baƙaƙen fata daban, na masu naƙasa daban. Kafin nan makaranta na iya ɓoye gazawar waɗannan yara a cikin jimillar maki. Kuma ka duba yankin Wales na Birtaniya. A 2001 ta daina wallafa jadawalin sakamakon makarantun sakandare, Ingila ta ci gaba. Da masu bincike na Jami'ar Bristol suka kwatanta su, sai aka ga Wales ta ja baya, kuma makarantun da ke can ƙasa su suka fi zamewa, manyan ba su ji komai ba. Wato rufe sakamako ɗan talaka ya cutar.

Gyaran da ya dace shi ne a auna nisan da yaro ya yi daga inda ya shigo. Makarantar da ta karɓi yaron da bai san harafi ba ta kai shi karanta jimla ta fi aiki a kan wadda ta karɓi haziƙi ta mayar da shi haziƙi. Ingila ma a 2016 ta koma auna ci gaban ɗalibi a sakandare. Da da wannan ma'aunin aka auna makarantarku, Malama, yarinyar nan ce za ta fi kowa daraja a wurin hedimasta, don ita ce ke da tazarar da za ta rufe.

Mai Leƙe:
Ni dai na ji an ce Finlan ba jarrabawa ba sufeto, kuma sun fi kowa. Me zai hana a yi koyi da su a huta?

Ɗan Bincike:
Sun soke duba makarantu a farkon shekarun 1990, gaskiya ne. Amma tun 1979 sai mai digiri na biyu ke zama malamin firamare a can, kuma suna auna samfurin makarantu don su san halin da ake ciki, ba sa dai jera su. Sakamakonsu a jarrabawar PISA, wadda ke kwatanta ɗaliban ƙasashe daban-daban, kuma yana sauka tun bayan 2006. Ba a fara da cire sufeto, sai an samu malamin da ba ya buƙatar sufeto.

Maman Ikram:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba malama ba ce, uwa ce kawai. Yarona na aji huɗu, duk ƙarshen zango katinsa na nuna yana cikin goman farko, an rubuta "ya yi ƙoƙari" da jan biro. Ina ta murna. Wata rana ƙanwarsa 'yar aji biyu ta bar littafinta a tabarma, na ce ya karanta mata shafi ɗaya kafin in gama aiki. Sai na ji yana kallon hoton yana ƙirƙiro labari daga kansa. Na rufe hoton da tafin hannuna na ce ya sake. Layi biyu bai iya kaiwa ba.

Da na je makarantar aka ce ai yana cikin masu ƙoƙari, kuma ba ƙarya suka yi ba, don sauran sun fi shi rauni. To na goma a cikin waɗanda ba su iya karatu ba, me ya amfana min? Baban Sadik, ko yau ka miƙo min takardar kuɗin yaron nan ka ce in zaɓi makaranta, makaranta ɗaya ce yaro zai iya zuwa da ƙafa ya dawo, sauran sai da kuɗin mota, kuma yarana uku. Abin da na fi buƙata shi ne a faɗa min gaskiya da wuri, da harshen da zan gane: ɗanki ya iya karanta jimla, ko bai iya ba. Da tun yana aji biyu na sani, da ban bari an kai haka ba.

Malamar Aji Uku:
Maman Ikram, wallahi kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Matsayin aji, na ɗaya na biyu na uku, shi ne abin da ya fi yaudarar iyaye. Kuma mu ma ba a tambayarmu ko yaro ya iya, ana tambayarmu ko mun gama manhaja. Mai duba aiki zai buɗe littafin tsarin darasi ya ga ko na kai mako na tara. Na kai, yaran kuma suna mako na biyu.

Ɗan Bincike:
Hajiya Maman Ikram, abin da kika yi da littafin ƙanwarsa shi ne abin da ƙungiyar Pratham ke yi a Indiya tun 2005. Masu sa kai ne ke bi gida-gida da takarda ɗaya mai haruffa, da kalmomi, da ɗan sakin layi, da gajeren labari, a ga inda yaro zai tsaya. Shekara da shekaru sakamakon na nuna kusan rabin 'yan aji biyar a karkara ba sa iya karanta labarin aji biyu.

Ko sanar da iyaye na kawo gyara? Akwai gwaji biyu da suka saɓa wa juna. A lardin Punjab na Pakistan an ɗauki ƙauyuka 112, aka raba wa iyaye a rabinsu katin da ke nuna makin ɗansu da makin kowace makaranta a ƙauyen, ta gwamnati da mai zaman kanta. Bayan shekara guda makin yara ya tashi, makarantun kuɗi suka rage kuɗinsu da kusan kashi 17 cikin ɗari, yaran da ke shiga makaranta suka ƙaru. Amma a gundumar Jaunpur ta Indiya an tara mutanen ƙauye an nuna musu raunin karatun 'ya'yansu, an sanar da su cewa suna da kwamitin ilimi mai iko, ba abin da ya sauya a makarantun. Abin da ya yi aiki a can shi ne matasan da aka horar suka buɗe ajin karatu bayan an tashi.

Baban Sadik:
Madalla! Ai ka gama min aiki. A Pakistan iyaye na da inda za su koma, shi ya sa makarantu suka ji tsoro. A Jaunpur an ba su labari an bar su da kwamiti, kwamitin da ba ya iya cire ko mai gadi. Sani ba tare da zaɓi ba ƙarin baƙin ciki ne kawai. Maman Ikram ta sani yanzu, ta je ta yi magana, me aka yi mata?

Malam Na-Gefe:
Baban Sadik, tun ɗazu nake jira wani ya ambaci Chile, don babu ƙasar da ta bi shawarar Friedman kamarta. A 1981, zamanin mulkin Pinochet, aka mayar da makarantun gwamnati hannun ƙananan hukumomi, aka ce kuɗi ya bi yaro duk inda ya je. A lokacin kusan kashi 80 cikin ɗari na yara na makarantun gwamnati, bayan shekara talatin da 'yan kai suka koma ƙasa da kashi 40. Masana biyu, Hsieh da Urquiola, sun bi diddigin abin, ba su ga shaidar cewa matsakaicin sakamako ya tashi saboda gasar ba. Abin da suka gani shi ne rarrabuwa: 'ya'yan masu ɗan hali suka fice, aka bar 'ya'yan talakawa su kaɗai.

Ka san yadda aka yi? An ce iyaye su zaɓi makaranta, sai makarantu suka koma zaɓen iyaye. A yi wa yaro gwajin shiga, a yi wa iyaye tambayoyi, daga 1993 kuma aka halatta karɓar ƙarin kuɗi a kan na gwamnati. Hanya mafi arha ta ɗaga sakamako ita ce ka hana yaro mai rauni shigowa, ta fi koyarwa sauƙi nesa ba kusa ba. A 2006 'yan sakandare suka cika tituna da zanga-zanga. A 2008 aka ƙara kuɗin da ke bin ɗan talaka, a 2015 gwamnatin Michelle Bachelet ta yi dokar da ta hana makarantun da ke cin kuɗin gwamnati neman riba, da tace ɗalibai, ta kuma tsara janye ƙarin kuɗin. Shekara 34 kafin a toshe ƙofofin da aka bari a buɗe tun ranar farko.

Baban Sadik:
To ai ka faɗi maganin da bakinka, a toshe su tun ranar farko. Kuma me za ka ce da Holan? Tun 1917 tsarin mulkinsu ya daidaita kuɗin makarantar gwamnati da mai zaman kanta, kusan kashi biyu cikin uku na yaransu na makarantun da ba gwamnati ke gudanarwa ba, ƙasar ba ta rushe ba.

Tsohon Sufeto:
Ba ta rushe ba, Alhaji, domin gwamnatin Holan ba ta saki linzami ba. Ita ke ƙayyade cancantar malami, ita ke da masu duba makarantu da ke iya ayyana makaranta a matsayin mai rauni ƙwarai su sa ta a gaba har ta gyaru. Abin da masu son zaɓi ba sa so a faɗa shi ne, tsarin zaɓi ya fi tsarin da muke kuka da shi buƙatar gwamnati mai ƙarfi. Sai an ƙirga yara da gaske, in ba haka ba a biya kuɗin yaran da babu su. Sai an hana tace ɗalibai, in masu nema sun yi yawa a yi ƙuri'a. Sai an san abin da za a yi da yara ranar da makaranta ta rufe. A Suwidin, wadda ta buɗe wannan ƙofar a 1992, wani babban kamfanin makarantu ya karye a 2013, ɗalibai sama da 10,000 suka shiga neman inda za su koma. Gwamnatin da ta kasa sa malaminta ya shiga aji, ita ce za ta bi dubban makarantun 'yan kasuwa ta tabbatar ba su cuci kowa ba? Wannan tambayar nake so ka amsa min.

Baban Sadik:
Ranka ya daɗe, ita ma tambayar tana da baki biyu. In ta kasa duba na wasu, ta yaya za ta gyara nata?

Admin:
Jama'a muhawara na daɗi, amma na goge saƙonni biyu da suka koma zagin jam'iyyu. A tsaya a kan batu don Allah.

Hedimasta:
Na yi shiru ne ina karatu, amma tunda kowa hedimasta yake nuna wa yatsa bari in ce wani abu. Ana so a tuhume ni a kan sakamako, na yarda. To a ba ni abin da zan yi aikin da shi. Ban ɗauki malami ko ɗaya a cikin waɗanda ke ƙarƙashina ba, turo min su ake yi. Wanda ba ya zuwa, iyakata in rubuta takarda sama, takardar ta kwana a can, wani lokacin ma a kira ni a ce in bi a hankali, yaron wane ne. Wanda ya fi kowa iya koyar da 'yan aji ɗaya sai in wayi gari an yi masa canjin wurin aiki a tsakiyar zango, ba wanda ya tuntuɓe ni. Binciken da aka yi a Indiya ya samu malami ɗaya cikin huɗu ba ya makaranta a ranar da aka kai ziyarar ba-zata, kuma cikin makarantun gwamnati kusan 3,000 ɗaya tak aka samu inda aka taɓa korar malami saboda rashin zuwa. Wannan ba lalacin shugabannin makarantu ba ne, igiyar ba a hannunsu take ba.

Batun kuɗi kuma, kowa na auna abin da ya fito daga makaranta, ba mai auna abin da ya shiga. A Yuganda an bi sawun kuɗin gudanarwa da gwamnati ke ware wa makarantun firamare tsakanin 1991 da 1995, aka tarar kashi 13 cikin ɗari ne ke isa, sauran na maƙalewa a ofisoshin gundumomi. Gwamnati ta fara buga adadin da ta tura a jaridu duk wata, ta ce a liƙa shi a allon sanarwar makaranta. Zuwa 2001 abin da ke isa ya haura kashi 80. In za a liƙa sakamakon yarana a bakin ƙofa, a liƙa kusa da shi nawa aka ce an turo, nawa ya iso, malamai nawa nake buƙata, nawa aka ba ni. Sai iyaye su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

Maman Ikram:
Malam Hedimasta, wannan allon ni ma zan so in gani. Amma a rubuta shi yadda irinmu za mu karanta, ba da turancin ofis ba.

Malamar Aji Uku:
Ranka ya daɗe, ina tare da kai sai a wuri ɗaya. In aka ba kowane shugaban makaranta ikon kora alhali shi ma da alfarma ya samu kujerar, mu ne za mu sha wuya, musamman mata. Wadda ta ƙi biyayya ga son ransa ita za a fara rubutawa. Kafin a ba shi wuƙa a fara duba yadda aka naɗa shi.

Ɗan Bincike:
Malama, daidai inda garin Sobral ya fara ke nan. Gari ne a jihar Ceará, arewa maso gabashin Birazil, yanki ne na talakawa. A farkon shekarun 2000 suka gwada yaransu suka ga kusan rabin 'yan aji biyu ba sa karatu. Ba su raba takardar zaɓi ba. Sun daina naɗa shugabannin makarantu ta hanyar siyasa, sai wanda ya ci tantancewa, sannan aka ba shi iko da kuɗin gudanarwa. Suka sa buri guda da kowa zai iya riƙewa, kowane yaro ya iya karatu a azuzuwan farko. Masu gwaji daga wajen makaranta ke zuwa su saurari yara, sakamakon ya dawo wa malami da sunan kowane yaro, a bi shi da horo da kayan aiki. Zuwa 2017 Sobral ce kan gaba a ma'aunin ilimin firamare na ƙasar baki ɗaya.

Jihar ta ɗauki salon ta faɗaɗa. Tun 2007 wani kaso na harajin da take raba wa ƙananan hukumomi ya danganta da sakamakon karatun yara, an kuma tsara lissafin yadda ɗaga yaran da ke ƙasa da yawan waɗanda suka zauna jarrabawar ke da nauyi, don kada a ɓoye kowa a gida. Wato shugaban ƙaramar hukuma ne ke jin zafin a aljihun hukumarsa, ba malamar aji uku kaɗai ba. Makarantun da suka yi fice ana ba su kyauta, amma ba sa karɓar cikonta sai sun kama hannun wata makaranta mai rauni ta ɗaga.

Baban Sadik:
Labari mai daɗi, kuma ban ƙi shi ba. Amma Sobral ta dace da shugabannin da suka riƙe abu ɗaya kusan shekara ashirin ba su saki ba. Wannan sa'a ce, ba tsari ba ne. Garuruwa nawa ne suka samu haka? Uban da garinsa bai dace ba, ɗansa na aji biyu yau, ba zai jira a haifi shugaba nagari ba. Ni ban ce zaɓi zai gyara kowace makaranta ba, cewa na yi kada a kulle mutum a ɗakin da ake jiran gyara. Na sauko daga batun kowace irin makaranta: a fara da zaɓi tsakanin makarantun gwamnati, a hana tacewa, a yi ƙuri'a in wuri ya cika, kuɗin ɗan talaka ya fi na ɗan mai hali. Wannan ma za ku ƙi?

Malam Na-Gefe:
Wannan ban ƙi ba, in har da kuɗin mota a ciki. In babu shi, Maman Ikram na nan inda take, maƙwabcinta mai abin hawa ne zai tafi, kuma shi ne dama mai bakin magana a taron iyaye da malamai. Ya tafi da ɗansa, ya tafi da kasonsa na kuɗi, albashin malami da gyaran rufi kuma ba su ragu ba don yara biyar sun fita daga aji.

Tsohon Sufeto:
Alhaji, kan wannan sabon tayin naka muna iya zama mu tattauna. Sai dai ka ƙara sharaɗi guda: duk yaron da makaranta ta karɓa a farkon shekara, sakamakonsa na kanta, ko ya zauna jarrabawa ko bai zauna ba. Wanda bai zo ba a rubuta masa sifili a lissafin makarantar har sai an kawo dalili.

Hedimasta:
Baba, sifilin nan zai yi mana nauyi a wuraren da iyaye ke ƙaura a tsakiyar shekara. Yaro ya bar gari, ni kuma a ci ni tara?

Tsohon Sufeto:
Shi ya sa na ce har sai an kawo dalili. In ya ƙaura, makarantar da ya koma ta shigar da shi rajista, sunansa ya fita daga taka. In ba a same shi a ko'ina ba, ai ya kamata wani ya tashi ya nemo shi.

Malamar Aji Uku:
To wa zai riƙe wannan rajistar, Baba? Ofishin da ke ƙirga yara shi ne ofishin da ake tura wa kuɗi bisa yawan yara. Ni sai an raba waɗannan biyun zan yarda da duk wani adadi da ya fito daga can. Gobe in Allah Ya kai mu zan kawo muku irin takardar gwajin karatun da Ɗan Bincike ya bayyana, na haɗa tawa mai mataki huɗu, Maman Ikram ki gwada yaran uku da ita ki faɗa mana inda kowanne ya tsaya.